Fetur ɗin Dattijon Basirka

Shekarun baya, lokacin da nake ganiyar ji da kaina a gyaran mota, na yi sanadin da wani dattijo a Basirka ya rasa sana'arsa, sunansa kuma ya ɓaci a garinsu. A lokacin ko fuskarsa ban sani ba, bai kuma taɓa yi min komai ba. Abin ya daɗe da wucewa, shi ya sa yau na ga zan iya ba ku labarin ba tare da na yi wa kaina kwaskwarima ba.

Ni bakanike ne a Birnin Kudu. Garejina rumfar kwano ce a bakin titi, sai benci guda da 'yan zaman hira suka mayar nasu. A hannun wani tsohon bakanike na koyi aiki, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai kunne. Zai sa a tayar da mota, ya karkatar da kai kamar mai sauraron gulma, ya faɗa maka abin da ke damunta, kuma sau da yawa haka ne. Cikin abin da ya koya mana har da wannan: idan ka ga ɗan siririn tiyo a kan inji ya tsage yana shan iska, kada ka wahalar da mai mota da neman sabo, ka yanke shi ka toshe da ƙusa. Cewa yake masu ƙera mota ne suka cika son tarkace. Na yi hakan a motoci ba adadi, babu wadda ta taɓa dawowa da ƙara.

Ina da wani abokina tun na makarantar allo, manomi ne a Gwaram, idan kaka ta yi kuma yana bin kasuwannin ƙauye yana sayen riɗi. Wata shekara riɗin ya karɓe shi, sai ya sayo mota tokumbo, doguwa mai faɗin baya, injinta ɗan ƙarami amma mai turbo. Ga wanda bai sani ba, turbo wata na'ura ce mai kama da fanka, hayaƙin da inji ke fitarwa ne ke juya ta, ita kuma tana ɗura wa injin iska da ƙarfi, shi ya sa ƙaramin inji ke jan kaya kamar babba. Wannan bayanin ma daga baya na iya shi. A wancan lokacin ban taɓa taɓa mota mai turbo ba, amma da abokina ya tambaye ni ko na san kanta, na ce masa ai inji duk inji ne.

Zuwanta na farko wurina, tana karkarwa ne idan tana tsaye, ga wani ɗan fito yana tashi a ƙarƙashin bonet. Ban sha wahala ba na gano shi. Wani tiyo ne bai wuce kaurin fensir ba, ya taso daga bututun da iska ke bi ta shiga inji, ya je ya shiga kan wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙaramin gwangwanin tumatir a ƙarshen layin mai. Zafi ya busar da shi ya tsage. Na sa reza na yanke, na laluba cikin kwalin tarkace na samo ƙusa daidai bakinsa na danna. Nan take karkarwar ta tsaya, injin ya koma yana ƙara sumul. Abokina ya riƙe baki ya ce lallai ni maye ne. Ni kuwa na goge hannu a tsumma ina wani basarwa, alhali kaina ya kusa taɓa kwanon rumfar.

Bayan kamar mako biyu ya dawo fuska a ɗaure. Ya ce idan zai tafi kasuwa motar lafiya lau take, amma a hanyar dawowa, da zarar ya taka totur zai wuce babbar mota ko zai hau tudu, sai ta riƙa shiɗewa tana fizga, injin yana wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na tayar da ita na kasa kunne, ban ji komai ba. Na taka mata wuta tana tsaye har 'yan benci suka toshe kunne, babu abin da ta yi. Na zagaya da ita zuwa tasha na dawo, tana tafiya kamar amarya. Sai na tambaye shi inda yake shan mai. Ya ce a gidan mai yake cikawa a Gwaram, amma idan ya je Basirka ya gama loda buhuna, yakan ƙara galan biyu a wurin wani dattijo mai tebur a bakin tasha. Na ce kuma bayan nan matsalar ke farawa? Ya ce kullum.

To, kun ga inda na faɗa. Na zuƙo man kaɗan a kwalba, na ɗaga shi a rana, na shinshina, na yamutsa fuska. Wallahi ban ga komai a cikinsa ba, fetur ne kamar kowane fetur. Amma mutum biyar ne a kan benci sun zuba min ido, ga abokina da ya kira ni maye mako biyu da suka wuce. Cewa ban sani ba ta yi min nauyi a baki. Sai na ce, "Wannan man an yi masa haɗi."

Abokina mutumin kirki ne, amma bakinsa ba shi da birki. Ranar kasuwar Basirka ya tsaya gaban teburin dattijon, a gaban 'yan acaɓa da direbobi, ya ce ana sayar wa mutane gurɓataccen mai, kuma ba zato yake ba, bakanikensa na Birnin Kudu ya auna. Ku ji fa, wai na auna. Da hanci. Da ya dawo yana ba ni labari yana alfahari, ya ce tsohon ko uffan bai ce ba, galan-galan ɗinsa kawai ya tsaya yana kallo. Na yi dariya na ce ai mara gaskiya ba ya da ta cewa. Bayan 'yan kwanaki wani direban bas da ke bin hanyar ya gaya min 'yan acaɓa sun daina tsayawa a teburin.

Motar kuwa ba ta fasa ba. Na ce ragowar man ne a tanki, muka sauke tankin muka wanke. Ta sake. Na ce filta ce ta toshe, muka canja. Ta sake. Na kwance fulogogi na ga sun yi fari fat, bakin ɗaya har ya fara cinyewa, na saka sababbi ban tsaya tambayar kaina me ya ƙona su ba. Abokina ya koma tafiya da jarkarsa daga gidan mai, ko ɗigo bai ƙara saya a hanya ba, amma duk ranar da ya yi lodi sai ta yi masa. A nan na fara shan jinin jikina. Sai dai na riga na faɗi magana a gaban mutane, na ci gaba da kame-kame har kusan wata biyu.

Abin da ya tona min asiri bikin sunan 'yata ne. Yayan matata ya zo daga Kano, shi ma aikin inji yake yi, amma shi ya haɗa da karatu, kuma irin motocin nan yake gyarawa kullum. Mutum ne mara yawan magana. Bayan an yi addu'a an raba goro, abokina ya ja shi gefe ya zayyana masa komai. Yaya ya juyo ya tambaye ni inda na gwada motar. Na ce a gareji. Ya ce da kaya a cikinta? Na ce a'a. Ya ce turbo ba ya tashi aiki sosai sai inji yana jan nauyi, don haka taka wa mota wuta tana tsaye daidai yake da duba ƙarfin jaki yana ɗaure a turke.

Ya buɗe but ɗin motarsa ya ɗauko wani geji mai allura da dogon tiyo, ya haɗa shi da layin man motar abokina, ya zaro shi ta gefen bonet ya manna a gilashin gaba. Muka ari buhunan gero a wurin maƙwabcina muka loda. Mu uku muka shiga da manyan rigunanmu na suna, muka ɗauki hanyar Gwaram, abokina yana tuƙi, Yaya a gefensa, ni a baya na leƙo da kai ta tsakiya.

A hanya ne ya yi mana bayanin ɗan gwangwanin nan, wanda ya ce sunansa regileta. Ya ce famfo yana turo mai daga tanki fiye da yadda inji ke buƙata, ita ce ke riƙe ƙarfin man daidai, ta bar ragowar ya koma tanki. A cikinta akwai 'yar fata da sifirin. Su kuma nozul-nozul, cikin bututun da iska ke bi suke fesa mai. To idan turbo ya tashi ya cika bututun nan da iska, iskar tana tura man baya, dole man ya ƙara ƙarfi kafin ya iya fita yadda ya saba. Ɗan siririn tiyon shi ke kai wa regileta labarin abin da ke faruwa a bututun. Idan iska ta ƙara ƙarfi da ɗaya, sai ta danna fatar, hanyar komawa tanki ta ƙara tsukewa, man ma ya ƙara ƙarfi da ɗaya. Idan ta ƙara biyu, ya ƙara biyu. Idan kuma mota tana tsaye inji yana zuƙar iska da kansa, sai ta sassauta, ƙarfin man ya ɗan sauka. Ta haka tazarar da ke tsakanin ƙarfin mai da na iska ba ta canjawa. Ya ce don haka mu zuba wa allurar ido, ya kamata ta riƙa hawa tare da turbo.

Da muka zo wani ɗan hawa ya ce abokina ya taka. Muka ji turbo ya fara shewa, motar ta yunƙura. Allurar tana nan inda take kamar an zana ta. Sai ga fizgar, sai ga ƙarar tsakuwar nan. Yaya ya ce ya ɗaga ƙafa maza. Ya ce iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, wutar cikin inji ta wuce kima, ita ta ci fulogi, kuma da an ƙara 'yan tafiye-tafiye a haka da fistin ne zai huje.

Muka tsaya a gefen titi ya buɗe bonet. Bai yi minti ɗaya ba ya kama guntun tiyon da yatsa biyu, kan ƙusar yana ƙyalli a rana. Ya ce, "Wane gwanin ne ya yi wannan?"

Har na buɗe baki zan ce ai haka ta zo daga Kwatano. Kada ku ɗauka tsoron Allah ne ya riƙe ni, ina ma a ce shi ne. Tunawa na yi abokina yana tsaye a kaina ranar da na danna ta, har da yabo. Na ce, "Ni ne, Yaya." Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi a tsofaffin motoci marasa turbo iska ba ta taɓa tura mai baya, ƙusa ba za ta yi ɓarnar da ta wuce ɗan ƙarin shan mai ba, saboda haka wanda ya koya min bai yi ƙarya ba a kan motocin zamaninsa. Ya ɗauko tiyo mai kyau a kayansa ya mayar, ya ɗaure bakinsa biyu don kada iska ta fizge shi. Muka sake hawa tudun nan. Allurar ta tashi a hankali tare da shewar turbo, motar ta haye da geronta ko tari ba ta yi ba.

Muka kama hanyar komawa. Mun kusa shiga gari abokina ya ce, kamar da sitiyari yake, "Dattijon nan fa."

Sai da na yi kwana tara ban je ba. Kullum da hujjar da nake ba kaina: ai ba ni na tsaya a kasuwa na yi magana ba, ai wataƙila mutane sun manta, ai bari aiki ya yi sauƙi. Matata ta ji labarin a wurin yayanta, ba ta kuma yi min wa'azi ba. Duk ranar da ta ajiye min abinci sai ta tambaye ni ko na je Basirka, ta juya ta ci gaba da hidimar jaririyarta. A rana ta tara na ture tuwon na ce mata gobe zan je. Washegari na hau bas zuwa Gwaram, na ɗauki abokina muka wuce.

A bakin tasha babu tebur, sai baƙin tabon mai a ƙasa inda yake a da. Aka nuna mana gidansa. Muka same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa a faranti, siriri ne mai farin gemu, ya girmi mahaifina. Ya gane abokina, amma ya shimfiɗa mana tabarma ya sa aka kawo ruwa. Bayan gaisuwa na ce ni ne bakaniken da aka ce ya auna mai. Na faɗa masa komai, tun daga tiyo har zuwa allura, ban san ko ya fahimci rabinsa ba. Da na gama ya ce, "Wato man nawa ba shi da komai?"

Na ce, "Ba shi da komai, Baba. Ban ma auna ba. Shinshinawa na yi."

Ya ajiye farantin gyaɗar ya yi hamdala. Sannan ya gaya mana abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Ashe shi bai ɗauka sharri aka yi masa ba, yarda ya yi. Ya ce tunda masani ya duba, shi wane ne da zai musa. Ragowar man da ke gare shi bai iya sayarwa ba, bai iya bayarwa ba, bayan gari ya kai ya tuttular a rami. Ya bi 'yan acaɓa ɗaya bayan ɗaya yana neman gafararsu, don yana tsoron ya ci haram bai sani ba. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Na roƙe shi ya yafe min. Ya ce ya yafe duniya da lahira, ya yafe wa abokina ma. Har na fara jin sanyi a raina, sai ya ce, "Amma akwai wanda ni ma na zalunta a kan maganarka."

Babban ɗansa ne, magidanci mai mata da 'ya'ya uku, wanda yake ɗauko masa man a babur daga gidan mai a Gwaram. Da abin ya faru, dattijon ya ce tunda shi bai haɗa komai ba, to a hanya ake haɗawa. Ɗan ya rantse, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Uban ya ce ba ya son rantsuwa, bakanike ya riga ya duba. Bayan mako guda ɗan ya kwashe iyalinsa ya koma Maruta wurin surukansa.

Da aka idar da sallar azahar a masallacin tasha, na miƙe na faɗa wa jama'a cewa man dattijo lafiyarsa ƙalau, ni ne na toshe abin da bai kamata in toshe ba, na kuma ɗora masa. Wasu suka yi salati, wasu suka yi dariya. Wani ɗan acaɓa ya ce shi dama bai taɓa yarda ba, na kusa tambayar sa to me ya hana shi sayen man, sai na tuna ba ni da bakin tambayar kowa. Daga nan muka sa dattijo a gaban mota muka nufi Maruta.

Mun sami ɗan a bayan gidan surukansa, ya naɗe wando yana kwaɓa ƙasar gini, ɗakin da yake ginawa ya kai ƙirji. Da ya ga mahaifinsa ya wanke hannu da sauri ya zo ya durƙusa ya gaishe shi. Dattijon bai jira ni ba, shi ya fara magana, ya ce ya zo ne ya ce ya yi kuskure. Ni kuma na sake maimaita labarina karo na uku a rana ɗaya. Ɗan ya saurara har ƙarshe yana durƙushe. Da na nemi gafararsa ya ɗago ya dube ni, babu fushi ko kaɗan a fuskarsa.

Ya ce, "Malam, ni ban riƙe ka ba. Kai baƙo ne, kuskure ka yi a aikinka. Abin da ya tsaya min, shekara talatin da 'yan kai ina gaban Baba, amma maganarka ta rana ɗaya ta fi rantsuwata."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na gane cewa na zo da niyyar gyara, amma wannan ba abin da hannuna zai kai ba ne.

Sun shirya, alhamdu lillahi. Dattijo ya mayar da teburinsa, mutane suka dawo saya, motar abokina ta yi shekaru tana jan riɗi. Ni ma na sayi geji, kuma tun daga ranar ba na yanke hukunci a kan mota mai turbo sai na loda mata kaya na hau titi da ita. Wannan ɓangaren a yini ɗaya na koye shi. Ɗaya ɓangaren ne har yau nake fama da shi. Ban taɓa sanin maganar mai sana'a tana da nauyi haka ba, cewa kalma shida da na faɗa don kada in ji kunya a gaban 'yan benci za su shiga mota su je wani gari, su shiga cikin gidan da ban sani ba, su zauna tsakanin uba da ɗansa. Yanzu idan ban gano matsala ba ina cewa ban sani ba tukuna, kuma har yau sai na ji ta tana yi min ɗaci kafin ta fita.

Nakan tambayi abokina labarinsu idan mun haɗu. Ya ce ɗan yana zuwa gaida mahaifinsa duk Juma'a, da 'ya'yansa a kan babur, yana yi masa noma idan damina ta faɗi, babu abin da ya rage na biyayya. Amma ɗakin nan na Maruta ya ƙarasa shi, ya ƙara wani a gefensa, kuma har yau bai koma gida ba.